Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi: Kira Ga Kirista Bahaushe

Ina neman afuwar malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, domin maganar da zan yi a wannan fitowa mai ɗaci ce, kuma da mutanen gidanmu nake. Ni Bahaushe ne, Kirista, mutumin ƙasar Faskari ta wajen Ruwan Godiya, saboda haka in na taɓa Kiristan Hausa ban taɓa baƙo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake ƙara a kansa shi ne jahilcin da ya yi mana katutu game da tarihin addininmu da tarihin Littafin da muke riƙe da shi. Mun iya waƙa, mun iya baiko, mun iya taron zumunta na kwana uku, amma a tara mu ɗari a tambaye mu wa ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, a wace shekara, daga wane harshe, sai ka ga kowa yana sosa ƙeya. Abin kunyar ma har da mu da muke jami'a, masu taƙama da cewa mun yi boko.

Kafin wani ya ce na matsa, bari mu dubi maƙwabtanmu. Ɗan'uwanmu Musulmi da ya yi makarantar allo ya wuce ta ilmi zai gaya maka wace sura ce ta sauka a Makka, wace ce ta Madina. Zai ba ka labarin yadda aka tattara Alƙur'ani zamanin Halifa Abubakar, aka daidaita shi zamanin Halifa Usman. Ya san malaminsa, ya san malamin malaminsa, ya san jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, ya san Nana Asma'u. Wannan abin yabo ne, abin koyi ne. To mu fa? Sau da yawa iyakar tarihinmu shi ne sunan faston da ya yi mana baftisma.

Hujjar masu cewa bangaskiya ta isa

Na sha jin wasu shugabanninmu suna cewa yawan bincike yana sanyaya bangaskiya, wai tarihi aikin masu kai ne, mu kuwa mutanen ruhu ne. Haba! Wannan magana lalaci ce aka yi mata rawani. Shi Littafin da suke ɗagawa sama a kan bagade, kaso mai yawa na cikinsa tarihi ne: sarakuna da shekarunsu, zuriya bayan zuriya, tafiye-tafiyen manzanni gari bayan gari. Luka da kansa ya buɗe Bishararsa da bayanin cewa sai da ya bi diddigin al'amura wurin waɗanda suka gani da ido kafin ya ɗauki alƙalami. In marubucin Bishara bai ga bincike a matsayin rashin bangaskiya ba, wane ne mai wa'azin da zai haramta mana shi?

Gaskiyar maganar ita ce jahilcin mabiya riba ne ga wasu. Mutumin da bai san yadda Littafi ya zo hannunsa ba, kowa ya karanta masa rabin aya sai ya bi. Shi ya sa 'yan damfara suka cika gari, suna sayar da mai da ruwa da ƙyalle da sunan mu'ujiza, suna karɓe kuɗin takin manomi da alkawarin zai wayi gari attajiri. Wanda ya san cewa a 1517 Martin Luta ya tayar da ƙura a Jamus a kan sayar da takardun gafara, da ya ga irin wannan ciniki zai gane tsohuwar cuta ce ta sake riga. Wanda bai sani ba sai ya miƙa kuɗinsa yana godiya. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Littafin da ke hannunmu

Bari in ɗan taɓo abin da ya kamata kowane ɗan makarantar Lahadi ya sani. Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne, waɗanda mutane daban-daban suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, sai 'yan wurare kaɗan da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Babu ko layi ɗaya da aka fara rubutawa da Turanci. Fassarar Sarki Yakubu ta Ingila, wadda wasu ke ɗauka kamar daga sama ta faɗo, ta 1611 ce. Surori da ayoyin da muke haddacewa da lambobinsu ma daga baya aka sa su: rabon surori a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa a 1551.

Littattafai 66 ne a hannun ɗan ECWA da ɗan Baftis, 73 a hannun ɗan Katolika, na Ikkilisiyar Habasha ma sun fi haka yawa. Wannan bambanci yana da dalili na tarihi, ya samo asali daga tsohuwar fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, wadda ta ƙunshi littattafan da babu su a jerin Ibrananci. Amma mu da ba mu sani ba, sai mu riƙa zargin juna da ƙari ko ragi a kan abin da ba mu taɓa bincikawa ba.

Akwai kuma abin da wasu fastoci ke ɓoyewa don tsoro. Tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4, watau na Dutsen Sina'i da na Batikan, ba su ɗauke da ayoyi 12 na ƙarshen Bisharar Markus. Masanan Kirista ne da kansu suka gano haka, suka rubuta shi a ƙasan shafi don kowa ya gani. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1947 aka fara tono naɗaɗɗun littattafai a kogunan bakin Tekun Gishiri, cikinsu har da littafin Annabi Ishaya wanda ya girmi kwafen Ibrananci da ake da su a lokacin da kimanin shekara 1,000, aka kuwa tarar sun yi kusa da juna ƙwarai. Ɗalibin da ya ji waɗannan abubuwa biyu daga bakin malaminsa na coci zai tsaya da ƙafarsa. Wanda ya fara jin na farkon a bakin abokin gardama a ɗakin kwanan ɗalibai, ko dai ya rikice ko ya fusata, kuma duka biyun ba alheri ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wai addinin Bature

Babu gorin da ya fi ci mana rai kamar a ce mun bar gida mun bi addinin Bature. Muna jin zafinsa ne don ba mu da amsa, alhali kuwa amsar tana nan jibge. Sarki Ezana na Aksum a ƙasar Habasha ya karɓi Kiristanci a wajen shekara ta 340. Wa'azin da aka aika daga Rum zuwa ga kakannin Ingilishi kuwa sai a 597 ya isa. Watau Habasha ta riga su da fiye da shekara 250. Wannan ƙasa ce Musulmin farko suka yi hijira zuwa gare ta a wajen 615, Sarki Najjashi, Kirista, ya ba su mafaka. A ƙasar Nuba, cikin Sudan ta yau, an yi masarautun Kirista tun ƙarni na 6 har bayan ƙarni na 13.

Manyan malaman da Turai ta koyi addinin a wurinsu, da yawansu 'yan Afirka ne. Tartuliyan mutumin Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Agustin, wanda aka haifa a 354 ya rasu a 430, ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya ne yanzu. Atanasiyus na Iskandariya ne ya fara jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da su, cikin wasiƙarsa ta 367, taron Kartaj na 397 kuma ya amince da wannan jeri. Ashe kafin Bature ya kawo mana Littafin, sai da ya karɓe shi daga hannun mutanen nahiyarmu.

Ko a nan Katsina, sawun ya girmi mulkin mallaka. A 1711 wasu limaman Katolika biyu 'yan ɗariƙar Faransis suka biyo ayarin fatake daga Tarabulus ta Agadas, suka iso Birnin Katsina, a nan ciwo ya kashe su. Ba su kafa kome ba, amma sun riga Lugga zuwa da kusan shekara 200. A ƙarni na 19 kuma, a Kano, aka yi wani Malam Ibrahim wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga girmama Annabi Isa fiye da yadda hukumar lokacin za ta lamunta. Aka kashe shi a kasuwa, almajiransa da ake kira Isawa suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Jikokinsu ne suka nemi Likita Mila a Zariya a wajen 1913, aka kafa musu zango a Gimi, har ciwon barci ya tarwatsa shi. Waɗannan mutane ba su ga Bature ba sa'ad da suka fara tambayarsu.

Yadda Littafin ya koyi Hausa

Nan ne maganar ta shafi wannan ƙungiya tamu kai tsaye, Musulminmu da Kiristanmu. Duk ɗalibin Hausa ya san sunan J. F. Schön, Bajamushen da ya biyo tawagar Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Amma mutum nawa ne suka tsaya a kan Dorugu? Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, aka 'yanta shi a Kukawa, ya yi yawo da Heinrich Barth har Tambutu, ya bi shi Ingila a 1855. A gidan Schön ya zauna yana ba da labari ana rubutawa. Daga bakinsa aka samo yawancin abin da ke cikin Magana Hausa na 1885, kuma da taimakon Hausarsa Schön ya yi fassarar da ta kai ga Sabon Alkawari na 1880. Dorugu ya komo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Sunan Bature ne a bangon littafi, harshen da ke ciki kuwa na yaron Damagaram ne.

A 1900 tawagar Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Cikin tawagar akwai Likita Mila, wanda ya zauna a Birnin Zariya har mishan ta koma Wusasa a 1929, shi ne kuma ya jagoranci fassarar cikakken Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. An sake sabuwar fassara a wajen 1980. G. P. Bargery mai babban ƙamus na 1934, wanda har gobe muke buɗawa a sashen Hausa, shi ma aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar nan. John Tafida da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East ɗan Wusasa ne. Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan Wusasa ne. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga zuriyar Isawa ya fito. To wanda ya ce Kirista ba ya zama Bahaushe, ya gaya mana wane yare waɗannan mutane suke.

Ku dubi kalmomin da muke ibada da su. Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, duk ta hanyar Larabci suka shigo Hausa, kuma malaman Musulunci ne suka shimfiɗa su tun kafin a zo fassara. Ubangiji tamu ce ta gado. Ikkilisiya da baftisma Helenanci ne. Almasihu asalinta Ibrananci ce ta biyo ta Larabci, Kiristi kuwa takwararta ce ta Helenanci, ma'anarsu ɗaya, watau shafaffe. Na taɓa jin matasa suna musu wai kalmar Allah ba ta Kirista ba ce, alhali Kiristocin Masar da Sham da Iraƙi da ita suke kiran Mahalicci cikin Larabcinsu. Jahilcin tarihi ne ke sa mutum ya yi faɗa da harshen uwarsa.

Ɗacin da ke cikin tarihin

Kada a ɗauka ina kiran mu ga tarihin yabon kai. Cikin labarin akwai abin da zai sa mu sunkuyar da kai, kuma wajibi ne mu san shi kafin a gaya mana. Masu kiran kansu Kirista sun yi cinikin bayi a bakin teku, sun kuma nemo ayoyin kare kansu. Wata ikkilisiya a Afirka ta Kudu ta daɗe tana goyon bayan wariyar launin fata. Crowther, baƙin mutum na farko da ya zama bishop na Angilikan a 1864, wasu samarin Turawan mishan ne suka wulaƙanta shi a 1890, ya rasu a 1891 da baƙin ciki.

A nan ƙasarmu kuma, bayan Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin mallaka ta daɗe tana hana mishan shiga ƙasashen sarakuna. Ƙofar da ta buɗe wa mishan ɗin SIM ita ce ta jinyar kutare, a wajen 1937: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. Saboda haka da yawa daga Kiristan farko na wannan yanki majinyata ne, da marayu, da Maguzawa manoma da suke zaune a gefen gari. Wasunmu suna jin kunyar wannan asali, suna ɓoye shi ga 'ya'yansu. Ni kuwa ina ganin babu abin alfahari kamarsa. Amma dole mu yi tambayar da ta dace: mutumin da magani ke hannun mai wa'azi, yaya 'yancinsa na zaɓi yake? Me ya sa aka raba kakanninmu da kiɗansu da sunayensu, har da abin da bai saɓa wa addini ba? Me ya sa sai a 1954 aka miƙa ragamar ikkilisiya ga 'yan ƙasa da sunan ECWA, shekara 61 bayan zuwan 'yan SIM na farko a 1893? Wanda ya iya yi wa gidansa irin waɗannan tambayoyi, ba ya saurin zagin gidan wani.

Mu ɗalibai musamman, kada mu manta cewa rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a harabar kwalejin horon malamai ya tashi, a kan wa'azi, kafin wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ƙaramin sani da zafin kai, ko a wane ɓangare suke, ba su taɓa haifar da ɗa mai ido ba.

Abin da ke salwanta yanzu

Dalilin da ya sa na ce maganar ba ta jiran gobe shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. Kowa ya ji yadda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020. A Janairu 2023 aka shiga wata coci a ƙasar Ƙanƙara aka sace masu ibada, a Agusta 2025 kuma aka buɗe wa masallata wuta a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Ɗan bindiga bai tambayi addinin kowa ba. Daga Ruwan Godiya zuwa Faskari zuwa Sabuwa, ƙauyuka da dama sun tashi, mutane sun watsu zuwa Funtuwa da Zariya da wasu garuruwa.

In ƙauye ya tashi, ana lissafin shanu da rumbuna, amma ba a lissafin abin da ya tafi cikin kan tsofaffi. Tarihin ƙananan majami'unmu na karkara ba a rubuce yake ba. Yana bakin tsohuwar da ta san wane mai bishara ne ya fara zuwa a kan keke, a gindin wace bishiya aka fara taro, wa aka kora daga gida saboda ya tuba, wane mai unguwa Musulmi ne ya ba da filin da aka kafa bukkar sujada. Yana cikin littafin baftisma da gara ke ci a akwatin fasto. Duk tsohon da ya rasu a gudun hijira ya tafi da shafin da babu mai mayar da shi. Nan da shekara 20, in wani ya tashi ya ce ba a taɓa yin Kirista Bahaushe a ƙasar Faskari ba, da me jikokinmu za su amsa?

Kammalawa

Ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, kowane ɗalibi Kirista da ke karanta wannan mujalla, in ya je hutu ya zauna da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya ɗauki muryarsu da wayar da ke aljihunsa, ya rubuta da Hausa: wa ya fara, yaushe, a ina, me aka sha. Ya ɗauki hoton littattafan coci kafin su lalace. Na biyu, fastocinmu da suka yi karatu a Bukuru da Jos da Kagoro su daina ajiye tarihin ikkilisiya a jakar jarrabawa, su kawo shi makarantar Lahadi da Zumuntar Mata da Hausar da manomi zai gane. Na uku, Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta ɗauki nauyin tattara abin da aka samo, a ajiye kwafe a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Na huɗu, malamanmu na sashen Hausa su ba ɗalibai damar rubuta kundin digiri a kan fassarar 1932 da wadda ta biyo ta, da waƙoƙin coci na Hausa, domin su ma adabin Hausa ne, ko mutum ya yarda da abin da ke ciki ko bai yarda ba.

Ga 'yan'uwana Musulmi na wannan ƙungiya kuma, hannunku muke nema a aikin nan, domin kakanninmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, kuma ƙaddarar da ta same mu a dajin Faskari ɗaya ce. Ga 'yan'uwana Kirista, wanda maganata ta yi wa zafi ya ɗauki alƙalami ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba, amma ya zo da shekara da suna da hujja. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in kuwa mai ita ya yi shiru, wani zai rera ta yadda ya ga dama. Nan zan dasa aya. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa, amin.